Dokar injin walda: me ya sa ta fi tsoron lokacin da ba a walda?

Duk wanda ya tsaya kallon mai walda, hasken nan mai kashe ido da tartsatsin da ke tashi su ne za su fara ba shi tsoro. Wanda kuwa ya zauna ya karanta dokar aikin, wani abu daban zai gani. Kaso mai yawa na dokar bai shafi lokacin da wuta ke cin ƙarfe ba. Ya shafi abin da ake yi kafin a kunna inji, da ɗan lokacin da ake canza tsinke, wato siririyar sandar da ke narkewa ta haɗa ƙarfe, da abin da ke biyo baya idan an kashe an tafi.

Dokar da nake nufi ta Amurka ce. A shekarar 1970 shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar kare lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, aka kuma kafa hukumar OSHA a 1971 domin ta tabbatar ana bin ta. Ƙa'idojin walda suna kashi na 29 na kundin dokokin tarayya. Sashe na 1910.252 ya kawo sharuɗɗan da suka shafi kowace irin walda, sashe na 1910.254 ya keɓanta ga walda da lantarki, sashe na 1926.351 kuma na wuraren gine-gine ne. Ba ta hau kan wanda ba ya aiki a Amurka ba, kowace ƙasa da tata. Amma dalilan da suka sa aka rubuta ta suna nan a duk inda aka jona injin walda, shi ya sa ta cancanci a warware ta.

A fara da lantarkin. Lokacin da tsinke ke narkewa a kan ƙarfe, ƙarfin wutar da ke tsakaninsu bai cika wuce bolt 20 zuwa 40 ba. Da zarar an ɗaga tsinken, injin yana kunne amma ba ya aiki, sai ƙarfin ya hau. Wannan hawan ba lalacewa ba ce, da gangan aka ƙera injin haka, don sai da shi wuta ke kamawa idan an gogi ƙarfe. Matsalar ita ce a daidai wannan lokacin ne mai walda ke sa hannu ya cire guntun tsinke ya sa sabo. Saboda haka doka ta sa iyaka. Injin AC, mai wutar da ke kai da komo irin ta soket, da ake walda da shi da hannu kada ya wuce bolt 80 idan ba ya aiki, na DC kuma, mai wutar da ke tafiya gefe ɗaya irin ta batir, kada ya wuce bolt 100.

Wani zai ce bolt 80 ai ba wani abu ba ne, wutar soket ta fi shi. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, gaskiya ne. Amma fatar da ta jiƙe da gumi, a cikin safar hannu mai danshi, ga mutum yana zaune a kan ƙarfen da yake yi wa walda, wannan hanya ce a buɗe. Kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya tak (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), idan ya ratsa ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya. Ko wutar ba ta kashe ba, in mutum yana sama ta girgiza shi, faɗuwar za ta ƙarasa abin da ta fara. Shi ya sa dokar ta ba da shawarar cewa a wuri mai laima, ko mai zafin da ke sa gumi, a yi amfani da na'urar da ke rage ƙarfin wutar AC da kanta idan injin ba ya aiki. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na IEC 60974-1 ya fi tsanani a nan: a wurin da haɗarin jan wuta ya yi yawa, kamar cikin tanki, bolt 48 ya yarda wa injin AC. Injinan da suka dace da irin wannan wuri za ka ga an buga musu harafin S a cikin ɗan akwati a jikinsu.

Sai maganar wayoyi, inda aka fi rikicewa. Waya biyu ce ke fita daga injin walda. Ɗaya tana zuwa mariƙin tsinke, ɗayar ana maƙala ta a jikin ƙarfen da ake aiki a kai. Wannan ta biyun mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin wayar ƙasa mai kare rai, alhali ba aikinta ke nan ba. Hanyar komawar wuta ce zuwa inji, kuma duk amfiyar da ta fita ta mariƙi ta nan take dawowa. Wayar ƙasa ta gaskiya daban take. Ita ce ake haɗa gangar jikin injin da ita, domin in wani abu ya lalace a ciki wutar ta bi ƙasa maimakon ta bi wanda ya dafa injin. Doka ta wajabta wannan ga duk injin da ake jonawa, ta kuma ce a riƙa duba shi, musamman a injinan da ake yawo da su. Ta cire injin da ke samar da wutarsa da mai daga wannan sharaɗin.

Tunda wayar komawa wuta mai yawa take ɗauka, dokar ta damu ƙwarai da inda wutar za ta bi. Idan wayar ba ta kai ba, dabarar da ke zuwa wa mutum ita ce ya maƙala ta a kan duk ƙarfen da ke kusa, wutar ta nemi hanyarta da kanta. To, ta hana a bi ta sarƙa, ko igiyar ƙarfe, ko injin ɗaga kaya, ko lifta. Ta hana a bi ta bututun da wayoyin lantarki ke ciki, haka nan bututun gas ko na mai. Dalilin hana sarƙa shi ya fi ba ni tsoro. A duk inda zobe ya taɓa zobe wuta na iya yin ɗan tartsatsi, ta ƙona wurin ta raunana shi, kuma ido ba lallai ya gani ba. Sarƙar za ta ci gaba da aiki kamar lafiya lau, sai ranar da aka ɗora mata nauyi mutane suna ƙasa. Abin da doka ke so shi ne a maƙala wayar da ƙarfi a jikin aikin kansa.

Akwai sharuɗɗa ƙanana da sauƙin rainawa. Wayar da aka naɗe a warware ta kafin a fara, don naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi har rufinta ya lalace. Wayar da rufinta ya tsage har jan ƙarfen ya fito, a canza ta. Wadda aka yi wa haɗi a cikin ƙafa 10 daga mariƙi, wato kusan mita 3, ba a amfani da ita, saboda wannan ɓangaren ne ke gogar jikin mai walda. Dole a sami makunnin yanke wuta a jikin injin ko kusa da shi. Injin da ya jiƙe sai an busar da shi an gwada kafin a sake kunnawa. Mariƙin da ya yi zafi ba a tsoma shi a ruwa don ya huce. In za a bar wurin, a cire tsinken, a ajiye mariƙin inda ba zai taɓa mutum ko ƙarfe ko tukunyar gas ba, a kuma kashe injin.

Mai karanta dokar da kyau zai lura ba duka jimlolinta ke da nauyi ɗaya ba. Wasu umarni ne da ake cin tarar mai wurin aiki in ya saɓa, wasu kuma an rubuta su da lafazin shawara. Hana haɗin waya kusa da mariƙi umarni ne. Cewa kada mai walda ya naɗe waya a kafaɗarsa ko hannunsa kuwa da lafazin shawara ya zo. A ganina wannan bambancin na lauyoyi ne, mai walda bai kamata ya tsaya a kansa ba, don tsagaggen rufin waya a kan kafaɗa mai gumi bai san wanne aka rubuta da wane lafazi ba.

Dokar ta kuma ce a bi rubutattun umarnin kamfanin da ya ƙera injin sau da ƙafa. Wannan jimla guda ta jawo abubuwa da yawa cikin doka, har da adadin lokacin da inji zai iya aiki ba hutu. Ana lissafinsa a kan minti 10. In an rubuta kashi 60 cikin 100 a wani adadin amfiya, ma'anarsa minti 6 na walda, minti 4 na hucewa.

Ido da huhu su ma ba nan take suke nuna an cuce su ba. Hasken walda yana ƙona fatar ƙwayar ido, amma zafin sai bayan sa'o'i yake tasowa, sau da yawa cikin dare, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Dokar ta kawo jadawalin duhun gilashi a matsayin jagora: lamba 10 ga tsinken da bai wuce milimita 4 ba, lamba 12 ga wanda ya kai milimita 5 zuwa 6, lamba 14 ga manya. Baƙin tabarau na rana ba ya cikin lissafi. Ba mai walda kaɗai ta tuna da shi ba, ta ce a kare na kusa da shinge wanda ba ya cin wuta, ko a ba su nasu tabarau, domin mai riƙe wa wani ƙarfe shi ma hasken yana samun sa.

Game da hayaƙi, ta ce dole a sa injin jan iska idan filin da kowane mai walda yake da shi bai kai kubik mita 284 ba, wato in aka ninka faɗi da tsawo da tsayi, ko kuma rufin ɗakin bai kai ƙafa 16 ba. Ta ware wasu ƙarafa da ta fi tsananta wa, irin su dalma da kadmiyom da tutiya. Tutiya ita ce ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa, kuma hayaƙinta na kawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i. Ta kuma hana a hura iskar oksijin don sanyaya wuri ko korar hayaƙi, saboda tufafin da suka sha oksijin ƙyas suke jira. A nan ilimi ya wuce tsohuwar dokar. A 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, ita kuma hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta tsaurara matakanta a 2019, har a kan baƙin ƙarfen yau da kullum da a da ake ganin hayaƙinsa ba komai ba ne.

Gobara ce ta fi fito da halin dokar fili. Tsarinta hawa uku ne. In za a iya ɗauke aikin a kai shi wurin da babu abin kamawa, a yi haka. In aikin ba ya ɗaukuwa, a kwashe abubuwan da ke cin wuta zuwa nisan ƙafa 35, kusan mita 11. In su ma ba sa ɗaukuwa, a rufe su da abin da ba ya kamawa, a toshe tsagar ƙasa da ta bango inda tartsatsi zai iya sulalewa. In duk ukun sun gagara, ba a walda a wurin. Wanda ya ga nisan ya yi yawa, ya tuna cewa ɗigon narkakken ƙarfe yana tsalle, yana gangarawa, yana kuma faɗawa hawan ƙasa inda babu mai kallo.

Tsohon durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai yana da nasa hukuncin: ba a kai masa wuta sai an wanke shi wankin da ya tabbatar babu sauran abin kamawa. Tankin da ake ganin babu komai a ciki shi ne abin tsoro, don tururin man da ya gauraya da iska shi ke fashewa. In kuma aikin a cikin tanki ne ko wani matsattsen wuri, injin a waje ake barin sa, kuma idan za a tafi cin abinci ko an tashi, a cire tsinke a yanke wutar daga tushe.

Inda haɗarin gobara yake, doka ta ce a tsayar da mutum guda wanda aikinsa gadin wuta ne kawai, da abin kashe gobara a hannu, wanda ya san yadda ake amfani da shi. Ba ya tafiya idan mai walda ya gama. Zai zauna aƙalla rabin sa'a, saboda tartsatsin da ya shige cikin tsumma ko ƙurar katako yana iya ci a hankali ba hayaƙi ba harshe. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta ga rabin sa'ar ma bai isa ba, ta mayar da shi sa'a guda a ma'auninta na 51B bugun 2019.

Nauyin duk wannan a wuyan mai wurin aiki yake. Shi zai tabbatar an horar da mai walda, shi zai ba da izinin yin aikin wuta bayan an duba wurin. Mai walda kuma in ya ga matsala a inji ya sanar da shugabansa, a daina amfani da injin har sai an tabbatar da lafiyarsa, gyaran kuma sai wanda ya ƙware a kai.

Akwai sharaɗi ɗaya da ke zuwa bayan an gama komai. Ƙarfen da aka yi wa walda yana daina ja tun yana da zafin da zai sale fata, kuma wanda ya shigo daga baya ba shi da hanyar sani. Don haka dokar ta ce kafin mai walda ya bar wurin ya yi wa ƙarfen alama, ko ya nemi wata hanyar da zai gargaɗi sauran ma'aikata. Guntun alli ma ya wadatar, a rubuta a jikinsa cewa da zafi.