Baƙin ƙudan Abu Hamad: me ake karantawa a kuromozom ɗinsa?

Wane ƙuda ake nufi?

Ɗan ƙaramin baƙin ƙudan nan ne da mutanen arewacin Sudan ke kira kunteb, masana kuma Simulium damnosum. Yana hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, kuma tamatar ce ke cizo, tana yaɗa tsutsar da ke kawo makantar kogi. Kafin a katse ta a can, a duk duniya babu inda cutar ta kai arewa kamar garin Abu Hamad, a bakin Nilu. A can ta fi cin fata da ƙaiƙayi fiye da ido.

To ai ƙuda ƙuda ne, mene ne na binciken gadonsa?

A ido kamar iri ɗaya suke, amma ƙarƙashin sunan nan akwai ire-ire fiye da hamsin a Afirka. Wasu mutum suke cizo, wasu dabba. Wasu iska na kwasarsu tafiyar ɗaruruwan kilomita, wasu ba sa nisa da koginsu.

Ta yaya ake bambance su?

Nan ne aikin ke burge ni. Ana tsinto tsutsar ƙudan, wato ɗansa kafin ya yi fiffike, daga ganyaye da duwatsun cikin ruwa, a ciro jakar miyaunta, a sa mata rini, a matse a gilashi, a duba da madubin likita. Kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, biyu-biyu ne har kashi uku a ƙudan. A jakar miyau yakan yi ta kwafar kansa ba tare da ya rabu ba, har ya yi kauri, ratsi-ratsinsa su fito kamar na saƙi. Wani lokaci yanki guda kan tsinke ya koma a juye, jerin ratsin ya birkice, zuriya ta gaje shi haka. Juyin da kowa a cikin zuriya ke da shi, shi ke nuna iri dabam ne. Wanda wasu kaɗai ke da shi, bambancin cikin gida ne. Da wannan hanya masana biyu, Vajime da Dunbar, suka rarrabe ire-iren Afirka ta Yamma a 1975. Na Abu Hamad ma ya fito da nasa tsarin, aka sa masa suna hamedense.

Wane amfani wannan ya yi wa marasa lafiya?

Babba. Ya ƙarfafa hujjar cewa ƙudan Abu Hamad a keɓe yake, hamada ta kewaye shi, don haka in an katse cutar da wuya baƙon ƙuda ya dawo da ita. An fara rabon maganin ivermectin a 1998, madatsar ruwan Marawi kuma ta shanye wasu wuraren hayayyafar, da yaɗuwar cutar ta katse aka dakatar da rabon a 2012.

Mu da ke Gadarif fa?

Galabat, a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, inda nan ma aka yi fama da cutar, ta bambanta: tana manne da Metema ta Habasha, ƙuda kuwa bai san iyaka ba. Shi ya sa ƙasashen biyu suka yi aikin tare, suka sanar da tsayar da rabon magani a 2018. Duk da haka, manomin da ke aiki a bakin rafi, in ya ga ƙaiƙayi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙullutu a ƙarƙashin fata, ya je asibiti a duba shi.