Ma'anar "kuɗin karɓar baƙi" na manyan hafsoshin soja

Duk lokacin da aka tada maganar kasafin kuɗin sojoji, sai ka ji masu sharhi a rediyo suna kiran kason karɓar baƙi na manyan hafsoshi da "kuɗin shaƙatawa", kamar dai gwamnati ce ta ware wa janar-janar kuɗin kiɗa da rawa. Abin da kason yake nufi shi ne kuɗin da hukuma ke bai wa babban hafsa domin ciyar da baƙin da suka zo a madadin ƙasarsu ko hukumarsu, kamar hafsan wata ƙasa da ya kawo ziyara, kuma dole a kawo rasidin kowane kwabo. A ma'aikatar tsaron Amurka har ƙa'ida aka gindaya cewa idan mahalarta liyafa sun kai 30, aƙalla rabinsu su zama baƙi na gaskiya, don kada hafsoshi su ciyar da junansu da sunan baƙunci.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake cakuɗa wannan kuɗi da liyafar da ɗan kwangila ke shirya wa hafsa, alhali wadda ta lalata mutane ita ce ta biyun. Leonard Francis, ɗan kasuwa ɗan ƙasar Malesiya, a da yana da kamfani a Singafo mai yi wa jiragen ruwan yaƙin Amurka hidima a tashoshin Asiya. Shekara da shekaru yana gayyatar hafsoshin Runduna ta Bakwai ta sojojin ruwan Amurka zuwa otal-otal masu tsada, ana jera musu naman Kobe (naman shanun Japan mai tsada) da sigarin Kuba, su kuma suna tsegunta masa jadawalin tafiyar jiragensu har ma suna karkatar da su zuwa tashoshin da yake cin karensa babu babbaka. An kama shi a birnin San Diego na Amurka a 2013, ya amsa cewa ya zambaci rundunar kimanin dala miliyan 35, kuma a 2024 aka yanke masa ɗaurin shekara 15. Ko sisi daga cikin kuɗin waɗannan liyafofi bai fito daga kason karɓar baƙi ba.

A ganina kason ya cancanta, muddin ana bayyana wanda aka ciyar da abin da aka kashe, domin hafsan da gwamnati ta hana kuɗin karrama baƙonsa ba ya rasa ɗan kwangilar da zai ɗauki nauyin.