Ma'anar "daidaita awo" a binciken lafiyar ƙwaƙwalwa tsakanin ƙasashe

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwanni biyu ya san mudu suna ya tara. Wani a cike yake har da tozo, wani kuwa an bubbuge masa gindi. Idan aka ce maka "mudu goma", sai ka tambaya da wane mudu aka auna kafin ka san abin da ke cikin buhun. Irin wannan matsalar ce ke tare masu binciken ƙwaƙwalwa a duk lokacin da suka haɗa hannu daga ƙasashe daban-daban, kuma aikin da suke yi don warware ta shi ake kira daidaita awo. Ma'anarsa ita ce duk matakan da ake bi domin sakamakon da aka samu a Kano ya zauna kafaɗa da kafaɗa da na Kumasi a Gana ko na Indiyanapolis a Amurka, ta yadda idan an ga bambanci za a iya cewa daga jikin mutanen ya fito, ba daga na'ura ko tambaya ko mai yin tambayar ba.

Abin da ya tilasta haɗin gwiwar tun farko shi ne yawa. Wani nazari da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya nuna cewa binciken da ke neman alaƙa tsakanin hoton ƙwaƙwalwa da halayyar mutum yana buƙatar dubban mutane kafin sakamakonsa ya tsaya da ƙafarsa, alhali an daɗe ana yin irinsa da mutum ashirin da 'yan kai. Asibiti ɗaya ba zai tara dubban nan ba. Ga kuma batun adalci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da cutar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ƙungiyar bincike ta 10/66, wadda aka kafa a 1998, daga wannan giɓin ta samo sunanta: a lokacin ƙasa da kashi 10 na bincike ne ake yi a kan kashi 66 na masu cutar, wato waɗanda ke zaune a ƙasashe masu tasowa.

Daidaitawar iri biyu ce. Akwai wadda ake yi tun kafin a ga mutum na farko, inda cibiyoyi ke zama su yarda da tambayoyi ɗaya, tsarin na'ura ɗaya, horo ɗaya. Akwai kuma wadda ake yi bayan kowa ya riga ya tattara nasa bayanan, sai a nemi haɗa su da dabarun lissafi. Ta farko ta fi tsada amma ta fi nagarta. Ta biyu faci ce, kuma faci ba ya rufe kowace irin ɓaraka.

Inda aikin ya fi wuya shi ne gwajin tunani, domin a nan harshe da tarbiyya da makaranta duk suna shiga cikin makin. Ɗauki gwajin MMSE da aka wallafa a Amurka a 1975, mai maki 30. Ana tambayar mutum ranar wata da shekara, a ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari har sau biyar, ya karanta wata jimla ya aikata abin da ta ce, ya rubuta tasa jimlar, ya kwaikwayi zanen siffofi biyu masu kusurwa biyar-biyar da suka shiga juna. Wanda ya samu ƙasa da 24 akan fara zargin ƙwaƙwalwarsa ta soma taɓuwa. To a zaunar da tsohuwa 'yar shekara 70 wadda ba ta taɓa riƙe biro ba. Karatu maki ɗaya ya tafi, rubutu ɗaya, zane ɗaya, cire bakwai-bakwai ɗin nan kuma yana iya cinye biyar. Ta koma 22 tun ba a taɓa ƙarfin tunawarta ba, alhali wataƙila ita ce uwar adashin unguwa, kuma ba ta taɓa mance wanda bai yi zubi ba.

Gyaran yana bin matakai. Mutum ɗaya ya fassara tambayoyin zuwa harshen gida, wani dabam wanda bai ga na asali ba ya mayar da su harshen farko, sannan kwamiti ya zauna a kan duk inda ma'ana ta kauce. Daga nan a gwada su a kan tsirarun tsofaffi masu lafiya. Tambayar da lafiyayyu da yawa suka faɗi, laifinta ne, sai a sauya ta da wata mai auna abu ɗaya ta wata hanya. A Ibadan aka ƙirƙiro gwajin da ya maye gurbin zane da biro: mai gwaji ya jera tsinken ashana huɗu a wata siffa, ya rushe, ya ce wa tsohon ya maimaita. Gwajin lissafo sunayen dabbobi cikin daƙiƙa 60 shi ma yana tafiya kusan ko'ina, sai dai dole a rubuta ƙa'idarsa tun farko. Rago da tunkiya maki ɗaya ne ko biyu? Idan wannan cibiya ta ƙirga biyu, waccan ta ƙirga ɗaya, an samu mudu biyu ke nan. Haka ma kwanan wata: wanda ya ce "goma ga watan Sha'aban" kuma ya dace, ya ci makinsa.

Shekarun haihuwa ma sai an daidaita yadda ake gano su, domin haɗarin cutar mantuwa yana ninkawa kusan duk bayan shekara biyar da zarar an wuce 65. Kuskuren shekara biyar ya isa ya karkatar da sakamako. Inda babu takardar haihuwa, ana amfani da jerin manyan abubuwan da suka faru. A Najeriya ana iya tambaya ko an yi mata aure lokacin samun 'yancin kai a 1960, ko 'ya'yanta nawa sa'ad da aka canza hannun tuƙi a 1972, ko lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973.

Misali mafi shahara a Afirka shi ne aikin Indiyanapolis da Ibadan, wanda aka fara a 1992 tsakanin Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi a Jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie a Jami'ar Indiyana. An kwatanta Yarbawa 'yan shekara 65 zuwa sama a unguwar Idikan ta Ibadan da takwarorinsu baƙaƙen fata na Indiyanapolis, da gwaji ɗaya mai suna CSI-D. Gwajin yana da rabi biyu: tambayoyi ga tsohon, da hira da wani na kusa da shi. Rabin na biyu yana da nasa tarkon, domin ɗa nagari ba ya son faɗin gazawar mahaifinsa a gaban baƙo, sai ya ce "ai tsufa ne". Shi ya sa ba a tambayar "yana mantuwa?" kai tsaye, sai a nemi takamaiman abu: ya taɓa ɓata a hanyar da ya saba bi? Yana maimaita magana ɗaya a zama ɗaya? Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari ne ke kamuwa da cutar mantuwa a Ibadan, a Indiyanapolis kuma kashi 3.24. An kuma ga cewa ƙwayar gado ta APOE e4, wadda ke ƙara haɗarin cutar Alzheimer (nau'in cutar mantuwa mafi yawa) sosai a tsakanin Turawa, tasirinta ya fi rauni a wajen Yarbawa. Da kowane ɓangare da nasa gwajin ya yi aiki, da babu wanda zai saurari waɗannan alƙaluma.

Idan ba zai yiwu tambayoyi su zama iri ɗaya sak ba, ana barin wasu kaɗan da ba su canza ba a duk ƙasashen, su zama gada. Da su ake ɗora sauran makin a kan sikeli guda. Haka tsarin HCAP na gwajin tunanin tsofaffi yake aiki, wanda aka fara a Amurka a 2016 aka kuma kai shi Ingila da Meziko da Indiya da Afirka ta Kudu. Sai dai idan tambayar gadar ita kanta ta fi wuya a wani harshe, duk abin da aka ɗora mata ya karkace.

A fannin shanyewar ɓarin jiki, aikin SIREN ya haɗa asibitoci 15 a Najeriya da Gana, har da na koyarwa na Kano da Zariya, ƙarƙashin H3Africa, shirin binciken ƙwayoyin gado da lafiya a Afirka. Kowane majiyyaci sai hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT ko MRI ya tabbatar da cutarsa, sannan a nema masa abokin kwatance mai lafiya, jinsinsu ɗaya, ƙabila ɗaya, shekaru kusa da juna. Don tabbatar da cewa abokin bai taɓa samun cutar ba, an yi amfani da tambayoyi takwas da aka gwada ingancinsu da Hausa da Yarbanci da Akan. Hawan jini ma an yi masa ma'ana ɗaya: 140 bisa 90 ko sama, wanda ya ɗore bayan awa 72 da faruwar cutar, ko tarihin hawan jini, ko shan maganinsa. Dalilin jiran awa 72 shi ne jini kan hau da kansa a kwanakin farko, ko ga wanda bai da hawan jini a da. Rahoton 2018, a kan majiyyata 2,118 da abokan kwatancensu, ya danganta kusan kashi 91 cikin ɗari na haɗarin da hawan jini.

Mutum zai ɗauka na'ura ba ta da wannan matsalar tunda ba ta jin harshe. Tana da ita, har ma ta fi ɓuya. Na'urorin MRI na asibiti yawanci masu ƙarfin maganaɗisu na tesila 1.5 ne ko 3, kuma na Siemens da GE da Philips ba sa fitar da hoto iri ɗaya ko da kai ɗaya aka saka musu. Abin da ake aunawa kuwa ƙanƙani ne. Kaurin ɓawon ƙwaƙwalwa bai wuce milimita biyu da rabi ba a matsakaici, ɗigon hoton kuma milimita ɗaya ne. Sashen hipokampas, mai riƙe sabon tunani, yana raguwa da kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara ga mai cutar Alzheimer, ga lafiyayyen tsoho kuma kashi 1 zuwa 2. Sauya na'ura ko sabunta manhajarta a tsakiyar bincike na iya haifar da bambancin da zai haɗiye wannan. Motsin kai kaɗan yana sa ƙwaƙwalwa ta fito kamar ta fi siranta, kuma marasa lafiya sun fi lafiyayyu motsi, don haka kuskuren gefe ɗaya yake jingina.

Aikin ADNI na binciken cutar Alzheimer da aka fara a Amurka da Kanada a 2004 ya yaɗa dabarar kan bogi: wata ƙwarya ce ta roba cike da ruwa da ƙananan ƙwallaye waɗanda aka san tazarar da ke tsakaninsu. Ana ɗaukar hotonta a kowace na'ura, idan tazarar ta fito ba daidai ba an san na'urar na miƙe hoto ko tana matse shi. Wasu ayyukan kan tura mutane kaɗan su zagaya duk cibiyoyin a ɗauke su. Bayan haka dole kowa ya sarrafa hotunan da manhaja ɗaya, kamar FreeSurfer, kuma sigarta ɗaya, domin siga biyu na manhajar kan ba da awo biyu a hoto guda. Sannan mutum ya zauna ya duba hotunan da idonsa, ya fitar da waɗanda manhajar ta ɗauki fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa a matsayin ƙwaƙwalwar.

Jini ya fi sauƙin bayani, kiyaye shi ne aiki. Kwalba iri ɗaya, lokaci ɗaya tsakanin ɗiba da tacewa, ajiya a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, da rubuta sau nawa samfurin ya narke aka sake daskarar da shi. A inda wuta ba ta tsayawa, firiza ba tare da janareta da na'urar rubuta zafi ba asarar jinin mutane ce kawai.

Ba kullum bayanai ke iya tsallaka iyaka ba. Turai na da dokarta ta kare bayanai da ta fara aiki a 2018, Najeriya ta yi tata a 2023, kuma takardar amincewar da mutum ya sa wa hannu dole ta faɗi ko za a kai bayanansa waje. Gamayyar ENIGMA, wadda aka kafa a 2009 kuma ta haɗa masana daga ƙasashe fiye da 40, ta juya lamarin: hotuna su zauna a gida, ƙa'idar aiki ce ke yawo. Kowace cibiya ta bi umarni ɗaya a kan nata hotunan, ta aika da taƙaitattun alƙaluma, a haɗa su a tsakiya. Wannan tsarin ya fi mutunta cibiyoyin da ba su da ƙarfi, domin kayansu da ƙwarewar sarrafa su suna nan a hannunsu. Amma wanda ya rubuta ƙa'idar shi ya zaɓi mudun, kuma har yanzu akasari daga Amurka da Turai ake rubuto ta.

Facin lissafi da aka fi amfani da shi sunansa ComBat. An ƙirƙire shi a 2007 don binciken ƙwayoyin gado, daga baya aka ɗauko shi zuwa hoton ƙwaƙwalwa. Yana duba matsakaicin awon kowace cibiya da yadda awon ya bazu, ya ja su zuwa layi ɗaya, tare da kare bambancin da aka gaya masa ya bari, kamar na shekaru da jinsi da cuta. Abin da ba a gaya masa ba yana iya gogewa. Idan mutanen wata cibiya sun taso da tamowa ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a rubuta hakan ba, zai ɗauki sawun da suka bari a matsayin laifin na'ura ya share. Mafi muni shi ne a ce duk marasa lafiya a cibiya ɗaya aka ɗauke su, lafiyayyu kuma a wata. A nan cuta da na'ura sun cakuɗe, babu lissafin da zai raba su. Shi ya sa ƙa'idar aiki mai kyau ke wajabta wa kowace cibiya ta kawo marasa lafiyarta da lafiyayyunta, a na'ura ɗaya, a cikin watanni ɗaya.