Ma'anar "lafiyar batir" da ruɗanin da kalmar ta jawo

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya tsaya a shagon masu sayar da waya ko laftof a Gusau bai ji ana ciniki a kan "lafiyar batir" ba. Masu talla a rediyo suna rantsuwa cewa kayansu na hannu ne amma lafiyar batirinsu ɗari bisa ɗari ce, wasu masu gyara kuma suna kiran jama'a su kawo na'urorinsu a dawo musu da lafiyar batir. Kalmar ta yi tashe ne bayan kamfanin Apple ya sanya ma'aunin da ake kira "battery health" da Turanci a wayoyin iPhone a shekarar 2018, sakamakon ce-ce-ku-cen da ya ɓarke a ƙarshen 2017 lokacin da aka gano yana rage saurin wayoyin da batirinsu ya kwana biyu, daga nan kuma ta bi bakin 'yan kasuwa har ta iso kan laftof.

Abin da ke damuna da wannan fassara shi ne kalmar lafiya ita kanta. Daga Larabci muka aro ta, kuma a wurinmu aba ce mai tafiya ta dawo: mutum ya kwanta zazzaɓi, ya sha magani, a zo a yi masa barka da samun lafiya. Saboda haka wanda aka gaya wa lafiyar batirinsa ta sauka zuwa kashi 82 cikin ɗari sai ya ɗauka ciwo ne ya kama shi, ciwo kuwa yana da magani, sai ya bazama neman mai maganin. Alhali abin da lambar take aunawa tsufa ne, kuma da ni aka tambaya, "ragowar ƙarfin batir" zan kira shi, ko da bai kai waccan daɗi a baki ba.

Kwanakin baya ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ya shigo mini da wata laftof ta hannu da ya saya, ransa a ɓace. "Kawu, an cuce ni," ya ce, "a gabana ya cika ta har ɗari, amma ko awa biyu ba ta yi." Na ce masa ya tuna da awon gero a kasuwa. Idan gindin tiya ya loɓa ya shiga ciki, mai awo zai cika ta ya yi mata tozo, kowa ya gani da idonsa cewa ta cika, amma hatsin da ke cikinta bai kai na tiya mai kyau ba. Lambar da ke ƙasan allon kwamfuta tana cewa ɗari, cikar tiyar take faɗa, ita kuwa lafiyar batir girman cikin tiyar take nufi. Muka buɗe baƙin allon umarni na Windows muka rubuta powercfg /batteryreport, sai ga rahoto da lambobi biyu: adadin wutar da aka ƙera batirin ya ɗauka, da adadin da yake iya ɗauka yanzu. Ta biyun ba ta kai rabin ta farkon ba. Lissafin ba shi da wuya, ana raba ta biyu da ta farko ne, misali batirin da aka ƙera ya riƙe wat-awa 50 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) amma yanzu 40 yake riƙewa, yana kan kashi 80, kuma aikin da yake kai shi awa biyar a da, yanzu a awa huɗu zai tsaya.

Bambancin tiya da batir shi ne ita tiya wani ne ya loɓa ta, shi kuwa batir da kansa yake loɓawa. Kusan duk laftof ta yau batirin litiyam take ɗauke da shi, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Ƙwayoyin litiyam ne ke kai da komo tsakanin ɓangarori biyu na batirin a duk lokacin caji da amfani, kuma a kowace tafiya kaɗan daga cikinsu suna maƙalewa a wani siririn ɓawo da ke taruwa a jikin ɓangare ɗaya, ba su sake shiga aiki. Wannan yana faruwa ko an ajiye na'urar a akwati ba a taɓa ta, shi ya sa duk wanda ya ce laftof mai shekara biyar da batirinta na asali tana ɗari bisa ɗari, akwai magana a ƙasa.

Masu ƙera batir da zagaye suke ƙirga shekarunsa, kuma zagaye ɗaya shi ne cinye cikakken caji guda, ko a rana ɗaya ko rabi yau rabi gobe, ba yawan jona caja ba kamar yadda wasu ke zato. Apple ya ce batirin MacBook na zamani an tsara shi ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 1000, batura da yawa na wasu kwamfutoci kuma a zagaye 300 zuwa 500 suke kaiwa nan. A inda wuta take tsayawa, laftof kan wuni a jone, zagayen ya taru a hankali, mu kuwa da ake ɗauke wuta safe da yamma kusan kullum sai mun cinye zagaye guda. Ga zafi kuma, wanda shi ne ya fi komai saurin tsufar da batir. Kamfanin na Apple ya ba da shawarar a yi aiki da laftof ɗinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Afrilu zafin Gusau da Birnin Kebbi yakan haura 40, sannan a ɗora ta a kan katifa a toshe mata hanyar iska, a bar ta a cike taf, wanda shi ma yana tsufar da batir. Dalilin da ya sa Lenovo da Dell da Asus suka sanya tsarin tsayar da caji kafin ya kai ɗari ke nan. Shawarar da ake yawan ji cewa a bar batir ya mutu murus kafin a yi caji kuwa, gadon tsofaffin baturan nikel ce, na litiyam wahalar da shi take yi.

Abin da masu "dawo da lafiya" suke yi bai wuce biyu ba. Ko dai su zuƙe batirin su sake cika shi domin ma'aunin cikinsa ya daidaita ƙiyasinsa, lambar ta ɗan motsa sama ko ƙasa ba tare da an ƙara ko minti ɗaya na aiki ba, ko kuma su goge lissafin da ke cikin ɗan guntun kwakwalwar batirin ya riƙa nuna ɗari, wanda wannan algus ne tsagwaronsa. Gyaran gaskiya shi ne sauya batir. Inda kalmar ciwo ta dace da gaske shi ne batirin da ya kumbura saboda iskar da ta taru a cikinsa, har ya ɗaga wurin shafa yatsa ko ya buɗe gefen kwamfutar, domin wannan yana iya kama wuta, kuma bai kamata a sake jona shi ba. Na ɗan yayata bai kumbura ba, ya dai tsufa, don haka ya ci gaba da aiki da shi kusa da soket har ya tara kuɗin sabo.