Horar da Ɗalibai Lissafi a Wasan Ces: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Mene ne lissafi a wasan ces?

Shi ne ɗalibi ya hango motsinsa da martanin abokin karawarsa a zuci, ba tare da ya taɓa komai a kan allo ba.

Shin ɗalibi zai iya lissafa dukkan motsi?

Ba zai iya ba. A farkon wasa, bayan motsi ɗaya kacal daga kowane ɓangare, yanayin allo yana da siffa 400, don haka a koya masa ya fara duba harin sarki, sannan abin da zai ci, sannan barazana.

Minti nawa za a bar shi a kan matsala ɗaya (wato yanayin allo da aka tsara masa ya nemo motsi mafi kyau) kafin a nuna masa amsa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsarta ta dogara da yaron. Ga sabon shiga, ina ganin minti biyar sun isa a kan matsala mai motsi biyu, kamar inda doki zai kai wa sarki da sarauniya hari a lokaci guda. Amma idan na ga idanunsa suna bin gidajen allo, leɓunansa suna motsi, nakan ƙyale shi ko da ya wuce minti goma, domin aiki yake yi. Wanda ya zuba tagumi yana kallon taga kuwa, ƙara masa lokaci ɓata rana ne. Gara a gaya masa wanne daga cikin 'ya'yan wasan da ke kan allo zai fara motsawa, a bar masa sauran. Ko a hakan ma ba na karɓar motsin farko kawai, sai ya rubuta jerin har ƙarshe, tare da mafi ƙarfin martanin abokin karawarsa, saboda yawancin yara suna lissafi ne kamar wancan ɓangaren barci yake yi.

Ɗana yana warware matsala hamsin a waya kullum, hakan bai isa ba?

Canka yake yi, iyaye, yana taɓa allo har ya dace. Ku ba shi biyar, ku sa ya naɗe hannuwansa.

To, makinsa a darasin lissafi zai ƙaru?

Kada kowa ya yi muku wannan alkawari. Armeniya ta wajabta ces a makarantunta a 2011, amma wani babban gwaji a makarantun firamare na Ingila, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2016, bai ga ƙarin maki a jarrabawar lissafi ba. Hankalinku ya kwanta dai, wasan ba ya rage masa komai muddin bai ci lokacin aikin gida ba.