Kwalliyar bakin taya a gyaran tsofaffin motoci

Kwalliyar bakin taya siririn ƙarfe ne mai ƙyalli, lanƙwasasshe kamar baka, wanda ake ɗaurawa a leɓen jikin mota daidai inda ya kewaye taya ta sama. Mota kan ɗauki guda huɗu, kuma kowanne da gurbinsa: na gaba ba ya zama a baya, na dama ba ya zama a hagu. Amfaninsa biyu ne, ado da kare leɓen daga tsakuwar da taya ke watsowa. A wajen masu farfaɗo da tsofaffin motoci yana cikin abubuwan da ake ɗaurawa a ƙarshe, sai dai shirinsa tun kafin a taɓa fenti yake farawa.

A Saudiyya wannan aiki na samkari ne, wato mai gyaran jikin mota, kuma a unguwannin sana'iyya, wato unguwannin garejoji da masu sana'a, na Jidda da Makka da Madina ake yinsa. Hausawan waɗannan birane, jikokin alhazan da suka ratso Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya suka zauna, akwai masu wannan sana'a a cikinsu. Hirar gareji a bakinsu Hausa ce gauraye da Larabci: rafraf ga ɓangaren jikin da ke saman taya, nikal ga duk wani ƙarfen ado mai sheƙi, ma'ajun ga cikon da ake shafawa kafin fenti.

Motocin da ke ɗauke da ita

Manyan motocin Amurka su ne gidan wannan kwalliya. Chevrolet Caprice mai kusurwa, wadda aka ƙera daga 1977 zuwa 1990, da GMC Suburban na 1973 zuwa 1991, wanda mutanen ƙasar ke kira Jims, da yawansu da ita suka fito daga masana'anta, an ɗaure ta da ƙananan sukurori ta ƙarƙashin leɓe. Mercedes 300SE ta 1961 zuwa 1967 ma da tata ta zo. Amma Mercedes W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, yawancin kwalliyar da ake gani a bakin tayoyinta daga baya masu motocin suka saya suka ɗora.

Wannan bambanci yana da nauyi. Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 don kula da motocin tarihi, tana lissafa motar da ta kai shekara 30 a cikin na tarihi, kuma Yarjejeniyar Turin, ƙa'idojin ƙungiyar da suka fara aiki a 2013, tana son duk canjin da za a yi wa irin wannan mota ya zama an rubuta shi, kuma ana iya warware shi gwargwadon hali. Huda rafraf ɗin da bai taɓa ganin huji ba kuwa ya saɓa wa wannan, domin ramin ba ya toshewa sai da walda da sabon fenti.

Irin ƙarfen

Akwai na ƙarfe mara tsatsa, akwai na alminiyam da aka yi wa rufi mai tauri ta hanyar lantarki, akwai kuma na roba da aka shafa wa kurom. Na farko shi ne mai haƙuri. Idan ya lotsa ana bubbugo shi ta baya da ƙaramar guduma a kan katako, a daidaita da magagari, a bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a goge shi ya dawo yana ɗaukar ido. Na alminiyam ba haka yake ba: in rufinsa ya dushe ya yi fari, guga ba ta dawo da shi sai an cire rufin gaba ɗaya, kuma da zarar ya karye a lanƙwasa to ya tafi. Shi ya sa masu neman na asali ke yini a tashlih, wato filin da ake tara matattun motoci ana sayar da sassansu, suna kwance shi da hannunsu daga matattun motoci. Sababbin da ake kwaikwaya sukan fi sirantaka, kuma lanƙwasarsu ba kullum take bin jikin mota ba.

Tsatsa

Nan ne gizo ke saƙa. Leɓen bakin taya wuri ne da fallayen ƙarfe biyu suka haɗu, na waje da na ciki, kuma taya tana jefa masa ruwa da laka da yashi. Kwalliya ta zo ta rufe wurin, sai ƙura ta taru a bayanta ta riƙe danshi. Ga kuma ƙarfe iri biyu suna taɓa juna: in ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, ɗaya yana cin ɗaya. Motar da ta yi rayuwarta a Riyad, inda iska ta bushe, sau da yawa leɓenta lafiya lau yake. Ta Jidda kuwa, wadda ta sha raɓa da gishirin teku, balle in tana cikin waɗanda ambaliyar Nuwamba 2009 ko ta Janairu 2011 ta shanye, sai an cire kwalliyar ake sanin gaskiyarta. Wani lokaci ƙarfen na fitowa tare da ɓarɓashin leɓen a manne.

Akwai masu saka kwalliya don ɓoye wannan ɓarna kafin su kai mota haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, kuma cuta ce ga mai saye. Maganaɗisu yana tona asiri: inda ya ƙi kamawa, ma'ajun ne mai kauri a wurin. Gyara na gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen, a yi waldar sabon falle, a bar ma'ajun siriri.

Ɗaurawa

Gwaji na farko ana yinsa ne jikin yana kan fentin ƙasa, wato shafin farko da ake yi kafin ainihin fenti. A ɗora kwalliyar, a riƙe ta da salatif, a duba ko ta kwanta daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In akwai rata, a wannan lokaci ne ake gyara leɓe ko a tausa ƙarfen a hankali a kan gwiwa. Wanda ya bari sai bayan fenti ya gano ma'ajun ya ƙara wa leɓe kauri, zaɓinsa biyu ne, ya kankare sabon fenti ko ya tilasta ƙarfen ya karye.

Ana fara huji daga tsakiyar baka, can sama, sannan a gangaro dama da hagu rami bayan rami, ana saka sukur a kowanne kafin a huda na gaba. Bakin injin huji na milimita 2.5 zuwa 3 ya isa ga yawancin ƙananan sukurori, kuma ana naɗa masa salatif don kada ya zurma ya ci falle na ciki. In tsofaffin ramukan masana'anta suna nan, su ake bi. Daga nan a cire komai, a share kaifin ramuka, a hure ɓarɓashin ƙarfe, domin shi ne ke fara yin jajayen ɗigo a kan fenti.

Bayan fenti ya bushe sosai, sai a shafa wa cikin kowane rami fentin hana tsatsa, a fesa kakin kariya a bayan leɓe, a rufe gefen fenti da salatif kada ƙarfen ya karce shi. Sukurori marasa tsatsa ake so, a tsoma bakinsu a giris. Ba a ɗaure ko ɗaya tamau sai dukkansu sun shiga, kuma da sukundireban hannu ake ƙarasawa, don injin yana lotsa alminiyam nan take. Idan kwalliyar mai maƙalai ce, sababbi ake saya, tsofaffin roba sun riga sun ƙone da rana. Mai manne kuwa, wadda ake liƙawa da tef mai fuska biyu, tana buƙatar fenti mai tsabta da inuwa. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 45, tef mai araha yakan saki daga ƙarshen baka.

Abu na ƙarshe shi ne a sauke motar daga jak, a murza sitiyari iyakarsa dama da hagu, a danna jikin ƙasa, a tabbatar babu tsinin sukur da ke kusantar taya, musamman in an saka tayoyin da suka fi na asali faɗi. Daga baya, duk wankin mota a riƙa tura ruwa ta bayan leɓe don yashi ya fita, kuma motar da ke kwana kusa da teku ana kwance mata kwalliyar lokaci-lokaci a sabunta kakin.