Gane tsuntsayen farfajiyar gida a lokacin ƙaurar bazara

Ƙaurar bazara ita ce tafiyar da tsuntsaye ke yi duk shekara daga ƙasashe masu ɗumi inda suka ci hunturu, su koma arewa inda za su yi sheƙa su ƙyanƙyashe. A arewacin duniya abin yana kamawa ne daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, kuma tsawon yini ne yake fara zaburar da su, da rana ta fara daɗewa sai su kama ci ba ƙaƙƙautawa suna tara kitsen da zai zame musu guzuri. A Arewacin Amurka manyan hanyoyinsu 4 ne, ta gaɓar Atilantika, ta kogin Misisifi, ta tsakiya da ta gaɓar Fasifik. Na Turai kuwa da yawansu sai sun ƙetare Sahara da tekun Bahar Rum.

Yawancin ƙananan tsuntsaye masu waƙa da dare suke tafiya, iska ta fi lafawa, ga sanyi, masu farautarsu kuma sun kwanta. Shi yasa mutum zai kwana farfajiyarsa shiru, gari na wayewa ya tarar bishiya ta cika da baƙi sun sauka a gajiye suna neman tsutsa da ruwa. Daga fitowar rana zuwa hantsi nan ne lokacin kallo, musamman in an kwana iska na kaɗowa daga kudu.

Kuskuren da sabon shiga yake yi shi ne ya fara da kala. Kala tana ruɗi sosai, haske yana canza ta, ganye yana rufe ta, kuma a jinsi ɗaya ma zaka ga namiji ya sha ado mace kuwa fes ba komai. Maza ne ma suka fi riga isowa don su kama wuri. Abin da ya fi shi ne a fara da girma da siffa, ya kai tattabara ko bai kai ba, jelarsa doguwa ce ko guntuwa, sannan a dubi baki, don gaskiya baki shi ne rabin amsa: gajere mai kauri na mai fasa iri ne, siriri kamar tsinke na mai cin ƙwari ne. Daga nan sai hali. Wani a ƙasa yake tsalle yana tona busassun ganye, wani yana can ƙololuwa baya minti ɗaya a reshe guda, wani kuma ya tashi fir ya cafke ƙuda a iska ya dawo daidai inda ya tashi. Sai a ƙarshe a koma kan alamomi, zoben da ya kewaye ido, layi fari a fiffike, zane a ƙirji.

Kunne ma yana gane abin da ido bai gani ba, tunda kowane jinsi da waƙarsa. Manhajar Merlin ta ɗakin binciken tsuntsaye na jami'ar Cornell tana sauraron kuka ta faɗi sunan da take zato, amma fa tana kuskure, gara a tabbatar da ido. Masu kallo suna saka abin da suka gani a eBird, shafin intanet na tara bayanan tsuntsaye wanda aka buɗe a 2002. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai kusanto da abu sau 8, ya wadatar.

Akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai tsotson furanni, namijin yana da jan maƙogwaro, nauyinsa wajen giram 3 ne kawai amma yana iya ƙetare mashigin tekun Meziko, kusan kilomita 800, ba tare da ya sauka ba. Irin wannan ne zai iso lafiya sannan ya daki gilashin taga ya mutu don ya hango hoton bishiya a jiki, abin ba daɗi ko kaɗan. Manna ɗigo-ɗigo kusa da juna a jikin gilashin ta waje yana rage wannan, haka kashe fitilun waje da dare saboda haske yana ɓatar da su hanya, a kuma tsare kyanwa a ɗaki a 'yan makonnin ƙaurar. Kwano mara zurfi da ruwa mai tsafta ma yana jawo waɗanda ko kallon hatsi basa yi.